Renon Yara Cikin Addini: Abin da Tarihin Ƙasar Kano da Zazzau Ya Koya Mana

Gabatarwa

A shekarar 2006 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Richard Dawkins, ya fitar da littafi inda ya ce bai kamata a kira ƙaramin yaro Kirista ko Musulmi ba tun bai san dama da hagu ba, koya masa tsoron wutar jahannama kuma cin zalinsa ne. Da can ana ɗaukar wannan magana ta Turai ce. Yanzu ta shigo wayoyin matasanmu. Faston da ke aiki a Takur, cikin Dutse, zai iya jin ta daga bakin ɗalibin jami'ar da ke koyar da yara a makarantar Lahadi, ko daga bakin ɗan dattijon ikkilisiya da ya dawo hutu.

Akwai masu mayar da martani da bincike. A 2018 wasu masana na Jami'ar Harvard a Amurka, Ying Chen da Tyler VanderWeele, sun buga sakamakon bin diddigin matasa sama da 5,000 na tsawon shekaru. Sun ga cewa waɗanda suka tashi suna zuwa sujada a kai a kai sun fi bayyana gamsuwa da rayuwa, sun fi taimakon jama'a, ba su kuma cika shan ƙwaya ba. Binciken yana da amfani, amma na Amurka ne, kuma matsakaicin lissafi ba ya share hawayen yaro ɗaya da aka cuta. Mu kuwa muna da namu tarihi. Shekara ɗari da suka wuce an yi doguwar jayayya a ƙasar nan tsakanin sarakuna da Turawan mulki da 'yan mishan a kan wa ke da ikon koya wa yaro addini. Bari mu bi wannan tarihi, domin a cikinsa za mu ga inda albarka ta fito da inda cuta ta shiga.

Yaro a ƙasar Hausa kafin Turawa

A zamanin mulkin mallaka, da ma kafinsa, Dutse tana ƙarƙashin Sarkin Kano. Jihar Jigawa sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro ta. Saboda haka tarihin Kano namu ne.

A wancan lokaci babu yaron da ke tashi ba cikin wani addini ba. Ɗan Musulmi ana yi masa huɗuba a kunne da haihuwarsa, a raɗa masa suna ranar bakwai, ya shiga makarantar allo da zarar ya iya magana sosai. Ɗan Bamaguje yana ganin yankan da maigida ke yi wa iskokin gida, yana koyon abin da gidansu ba ya ci da abin da ba ya taɓawa. Akwai kuma al'adar riƙo: bayan yaye, sai kaka ko goggo ko kawu ya ɗauki yaro ya rene shi. Wani uban kuma yakan damƙa ɗansa ga malami su tafi gabas neman karatu. A duka waɗannan, yaro yana barin ɗakin uwarsa, amma da yardar iyaye, ga wanda suka sani, kuma ana sa ran dawowarsa. Mu riƙe waɗannan abubuwa uku, yarda da sani da dawowa, domin da su za mu auna abin da ya biyo baya.

Yaran da aka 'yanta

A watan Maris 1903, bayan cin Sakkwato, Lugga ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba. Sarakuna da yawancin razdanoni sun fahimci alkawarin a kan cewa ba za a bar 'yan mishan su yi wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi ba. To amma akwai wasu yara da alkawarin bai yi maganarsu ba. Dokar 1901 ta hana cinikin bayi, sojoji kuma suna tare ayarin fatake suna ƙwace yaran da aka kamo daga nesa. Da yawansu ba su san sunan garinsu ba. Gwamnati ta buɗe musu gida a Zungeru, ta raba wasu ga masu riƙo. A 1909 aka miƙa yaran Zungeru ga mishan ta SUM, wadda ta gina musu gida a Rumasha, kusa da kogin Binuwai, don tunawa da Lucy, matar Dakta Karl Kumm. Daga baya aka mayar da gidan Wukari.

A nan aka ciyar da yaran, aka yi musu magani, aka koya musu karatu da sana'a da bangaskiyar Kirista. Wasunsu sun zama malamai da masu bishara. Ba wanda zai ce gara a bar su hannun masu cinikin bayi. Duk da haka, in muka auna da ma'auninmu, babu iyayen da suka yarda, babu kuma gidan da za a koma. Yaro ya sami abinci da sabon suna, amma harshen uwarsa da danginsa sun ɓace masa. 'Yan mishan ba su ne suka jawo wannan rashi ba, bauta ce ta jawo shi. Sai dai tsarin ya saba wa mishan da wani tunani: yaron da ba shi da kowa ya fi sauƙin koyarwa. Wannan tunani zai sake ɓullowa a gaba.

Likita Mila da yaran Gimi

A 1900 ayarin Bishop Tugwell na mishan ta CMS ya isa Kano, Sarki Alu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A cikin ayarin akwai Dakta Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka riƙa kira Likita Mila. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, ya buɗe makarantar yara maza. Ya so gwamnati ta ba shi 'ya'yan sarakuna ya koyar, shirin bai yiwu ba. A maimakon haka, a 1909 gwamnati ta buɗe tata makaranta a Nasarawa, Kano, ƙarƙashin Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ba tare da koyarwar Kirista ba. Ko da haka iyaye da yawa sun riƙa ɓoye 'ya'yansu, don a ganinsu boko ƙofar ridda ce. Tsoron da iyaye ke yi wa imanin 'ya'yansu, ashe, tsoho ne a ƙasar nan, kuma Musulmi ne suka fara jin sa game da mu.

Sai ga wani abu da Mila bai shirya ba. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya sa shi girmama Annabi Isa ƙwarai, har ya tara mabiya. An kashe shi a Kano, mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa ƙasar Ningi, maƙwabciyar kudancin Jigawa, da kuma ƙauyukan Zazzau. A 1913 wasu daga cikinsu suka zo wurin Mila neman ƙarin bayani. Daga nan aka kafa musu ƙauyen Kirista a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, har aka tashi daga wurin. Yaran da suka rage suka shiga makarantar Mila, wadda ta koma Wusasa a wajen birni a ƙarshen shekarun 1920.

Daga wannan ƙaramar al'umma aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. A Wusasa ne Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara. A 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Mila ya ba shekaru masu yawa tare da mataimakansa Hausawa.

Me ya bambanta wannan da Rumasha? Iyayen Gimi su suka nemi bangaskiyar da ƙafarsu, su suka kawo 'ya'yansu. Yaran sun tashi da Hausa a baki, cikin dangi, suna ganin manyansu suna rayuwa bisa abin da ake koya musu a aji. Ba a raba imaninsu da asalinsu ba. Ko a nan ma an biya farashi, domin komawa Wusasa ta nisanta su da birni, aka daɗe ana tambayarsu yadda mutum zai zama Bahaushe kuma Kirista. Amma sun sami amsar tambayar a gida, a bakin iyaye da kakanni.

Yadakunya da dokar shekara 18

A wajajen 1937 hukumomin En'e suka miƙa kula da masu ciwon kuturta ga mishan. SIM ta karɓi Yadakunya a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Marasa lafiya sun riƙa zuwa daga ko'ina cikin lardi. A cikin ƙasar da ke Jigawa a yau kuma SIM ta buɗe tashoshi irin su Roni, inda ta yi makarantar yara maza, da Malam Madori.

Maganin lokacin allurar man wani itacen Indiya ce, mai zafi, mai jinkirin aiki. Likitoci na tsoron jariri ya ɗauki ciwon daga uwarsa, saboda haka aka saba raba jariran da aka haifa a irin waɗannan wurare da iyayensu, a rene su a ɗaki dabam. Niyyar ta ceton lafiya ce. Amma yaron da aka rena a ɗakin mishan, waƙoƙin mishan zai koya, addu'ar mishan zai yi. Uwa Musulma da ta zo neman magani sai ta ga ɗanta yana girma cikin addinin da ba nata ba, ita kuwa ba ta da ƙarfin cewa a'a ga wanda ke yi mata allura. Yardar mai ciwo ga likitansa ba cikakkiyar yarda ba ce.

Sarakuna sun kai kuka, gwamnati kuma ta tsaya a kan ƙa'idar da aka sani da dokar shekara 18, wadda ta hana 'yan mishan koya wa 'ya'yan Musulmi addinin Kirista kafin su kai wannan shekara. 'Yan mishan sun yi ƙorafi ƙwarai. Hujjarsu ita ce Almasihu ya tsawata wa almajiransa da suka hana yara zuwa wurinsa, kuma gwamnatin da ke kiran kanta ta Kirista ta ɗaure bakin bishara. Hujjar sarakuna ita ce ɗa na ubansa ne, ba a kuma saye imaninsa da magani. Ya kamata ɗalibin tauhidi ya saurari ɓangarorin biyu da natsuwa. Akwai gaskiya cikin kukan 'yan mishan, gama dokar ta zama makamin takura wa bishara gaba ɗaya. Akwai gaskiya kuma cikin kukan sarakuna, wadda duk wani uba Kirista a Jigawa a yau zai gane ta ba sai an yi masa bayani ba, musamman wanda ya taɓa fargabar a janye 'yarsa ƙarama daga hannunsa da sunan addini. Haƙƙin da muke nema wa kanmu yau, shi iyayen Yadakunya suka nema jiya.

Daga wajajen 1950 sabon maganin ƙwaya ya sa ana jinyar kuturta daga gida, buƙatar killace mutane ta ragu. A 1954 ikkilisiyoyin SIM suka zama ECWA, a shekarun 1970 kuma gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan. Waɗanda suka ba da gaskiya a waɗannan wurare, wasunsu sun zama ginshiƙan ikkilisiya a ƙasar Kano. Bangaskiyarsu ta gaske ce. Wannan bai hana mu lura da cewa hanyar da aka bi da wasu yaran ta bar tabo ba.

Inda cuta ta fito fili

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna ƙarshen wannan hanya in ba a taka birki ba. A Kanada, kimanin yara 150,000 na mutanen asalin ƙasar aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da ikkilisiyoyi ke gudanarwa da kuɗin gwamnati. An hana su harshensu, an doke su, an ci zarafin wasu, dubbai sun mutu. Hukumar bincike ta ba da rahotonta a 2015, a watan Yuli 2022 kuma Fafaroma Francis ya je ƙasar ya roƙi gafara. A Ailan ma rahoton 2009 ya tona irin wannan ta'asa a gidajen yara na ƙungiyoyin addini.

A gida Nijeriya, a watan Satumba 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300, yara da manya, daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Musulmi da yawa sun yi tir da abin. A Akwa Ibom kuwa wasu masu kiran kansu fastoci ne suka riƙa laƙa wa yara maita, iyaye suna korarsu ko azabtar da su, har jihar ta yi doka a 2008 ta haramta hakan.

Addinan sun bambanta, ƙasashen sun yi nisa da juna, amma alamun iri ɗaya ne. An yanke yaro daga danginsa ko an juya danginsa gāba da shi. An mallake shi da tsoro da bulala. An rufe ƙofa, ba wani na waje da ke leƙawa. An kuma ɗora babba a matsayin da yaro ba zai iya kai ƙararsa ba, domin ana ganinsa bakin Allah. Duk inda waɗannan huɗu suka haɗu, yaro zai cutu, ko da kowace safiya ana karanta masa nassi.

Abin da wannan ke ce mana a Takur

Ga mai tambaya ko renon yaro cikin addini cuta ne, tarihinmu yana ba da amsa kashi biyu. Na farko, babu reno marar koyarwa. Uban da ya ce ba zai gaya wa ɗansa komai game da Allah ba, ya riga ya koya masa cewa maganar ba ta da muhimmanci, titi da waya kuma za su cike gurbin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ba kai ba, wani zai tanƙwara. Na biyu, mai tambayar bai yi ƙarya ba da ya ce an cuci yara da sunan addini. Faston da ya musa wannan ya zubar da amincinsa a gaban matashin da ya karanta labarin Kanada.

Littafi Mai Tsarki ya ɗora aikin koyar da yara a kan gida. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta sa shi cikin zaman gida da tafiya da kwanciya da tashi. Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama cikin kakarsa da mahaifiyarsa (2 Timoti 1:5). Amma nassin da ya ba iyaye iko shi ne ya sa musu iyaka. Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21 sun gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su karai. Gargaɗi mafi nauyi kuwa daga bakin Ubangiji ya fito, a Matiyu 18:6, a kan wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe. Manya aka yi wa wannan gargaɗi, har da masu hidima.

Dokar ƙasa ma ta tsaya kusa da nan. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini da na sauya shi, ya kuma hana tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 14, ta amince da ikon iyaye su yi wa yaro jagora gwargwadon girman hankalinsa. Ya kamata kowane fasto a Jigawa ya san waɗannan, don ya kare 'ya'yan ikkilisiyarsa a makarantun gwamnati, don kuma ya kiyaye haƙƙin iyaye Musulmi da suka sa 'ya'yansu a makarantar ikkilisiya. Ɗan maƙwabci da ya biyo abokinsa makarantar Lahadi, a sanar da iyayensa. Marayan da ikkilisiya ke ɗaukar nauyinsa, a bar shi kusa da danginsa in da hali, kada a sa abinci ko kuɗin makaranta su zama sharaɗin baftisma. Duk inda ake ajiye yara, a yi rajista da hukuma, ƙofa ta zama a buɗe, kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara a ɓoye.

Akwai kuma wani nauyi da ya keɓanta da mu. A watan Satumba 2006 an ƙone majami'u da shaguna a Dutse bayan zargin ɓatanci. Yaran da suka gudu a ranar su ne iyaye matasa a ikkilisiyoyinmu yau. Abu ne mai sauƙi bangaskiyar da za su ba 'ya'yansu ta zo a gauraye da tsoron maƙwabci da ƙinsa. Yaron da ya koyi ƙin Musulmi kafin ya koyi ƙaunar Almasihu, shi ma an cuce shi, ko da ba a taɓa ɗaga masa bulala ba. Aikin makiyayi ne ya taimaki waɗannan iyaye su gaya wa 'ya'yansu gaskiyar abin da ya faru ba tare da sun gadar musu da ɗaci ba.

A ƙarshe, ikkilisiyoyinmu sun bambanta a kan baftismar jarirai, amma dukansu suna da ranar da yaro zai tsaya ya amsa da bakinsa, ko a ajin baftisma ko a tabbatarwa. Wannan rana tana da ma'ana ne kawai in amsar tasa ce. Yaron da aka bar shi ya yi tambaya a gida ba a kira shi mara kunya ba, wanda ya ga ubansa yana roƙon gafara in ya yi kuskure, shi ne zai iya cewa "na ba da gaskiya" da zuciya ɗaya. Iyaye suna shuka, suna ban ruwa, amma sabuwar haihuwa aikin Ruhu ne, ba a kuma samar da ita da dole.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Da a ce kai ne mai kula da Yadakunya a 1940, yaya za ka yi da jaririn uwa Musulma mai ciwon kuturta? Kawo dalilanka daga nassi.

2. A cikin alamu huɗu da aka ambata, wacce ce ta fi kusa da shiga makarantar Lahadi ko makarantar kwana ta ikkilisiyarku? Wane mataki dattawa za su ɗauka a wannan shekara?

3. Yaya za a koya wa yaro ɗan shekara bakwai gaskiyar shari'ar Allah ba tare da an mallake shi da tsoro ba?

4. Matashi ya gaya maka iyayensa sun cuce shi da suka rene shi cikin ikkilisiya. Me za ka fara tambayarsa kafin ka ba shi amsa?